Tsuntsuwa ta Bakwai

Litinin, 2 ga wata, 4:30 na yamma

An gama. Kanari goma sha takwas, duk mata. Kowace an ɗan tsaga fatar bayanta, an cusa ƙananan bututu biyu masu girman ƙwayar shinkafa, an manne wurin. Likitar dabbobin da kwamitin bincike ya turo ce ta yi da hannunta, ni riƙe fukafukai kawai na yi. Ita kaɗai ta san abin da ke cikin kowane bututu. Ta rubuta a takarda, ta sa a ambulan, ta liƙe, ta sa hannu a kan liƙin. Ba za a buɗe ba sai bayan kwana ashirin da takwas.

Bari in rubuta shi dalla-dalla, kamar yadda zan yi wa Mama bayani da za ta yarda ta saurara. Macen kanari ba ta cika waƙa ba, sai ɗan kuka na kiran 'yan uwa. Namiji ke rerawa. Amma in ka sa wa mace sinadarin maza, testosteron, wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwarta, mai girman ɗigon biro, sai ya fara girma, sababbin ƙwayoyi su zauna a cikinsa, kafin mako biyu ko uku ka ji ta ɓarke da waƙa. Wannan an daɗe da saninsa. An kuma san ƙwaƙwalwa na juya wani kaso na sinadarin nan zuwa na mata, istirojin. Namu sabon shi ne: in ka haɗa da maganin da ke tare wannan juyawar, babu waƙa ko kaɗan. Haka muka rubuta bara a mujalla. Sunana ne na farko a takardar, na Farfesa na ƙarshe. A kanta digirina na uku yake tsaye.

Wasu masu bincike a wata ƙasa sun gwada sau biyu, bai fito musu haka ba. Suka rubuta wa mujalla, mujalla ta rubuto wa jami'a, jami'a ta ce a maimaita a gaban idonta.

Shida an sa musu bututun da ba komai a ciki. Shida sinadari. Shida sinadari da maganin tarewa. In takardarmu gaskiya ce, shida kacal za su yi waƙa.

Shida.

Talata, 3 ga wata, 6:20 na safe

Ɗakin nan ba taga. Fitila na kunna kanta ƙarfe shida na safe, ta kashe kanta ƙarfe takwas na dare, don tsuntsayen su ɗauka lokacin dogon yini ne. Kowane keji yana cikin akwatin katako mai soso a ciki, da makirfo a rataye, waya ta bi bango ta zo kwamfutar da ke gabana. Warin tsaba da kashin tsuntsu da soso ya riga ya kama mayafina.

An karɓe makullin Farfesa, an hana shi shiga ginin. Ni an ce in zauna, don ni kaɗai na iya na'urar. Kullum har Asabar da Lahadi, in sa hannu a rajista in na shigo, in sa in zan fita. Ba tafiya, ba hutu. Shugabar kwamiti ta ce, “Ba tuhumarki ake yi ba, taimako muke nema.” Na ce na gode.

A wurin aiki Farfesa nake ce masa. A nan, a littafina, zan ce Kawu.

Alhamis, 5 ga wata, tsakar rana

Baba Dogo ya kawo tsaba da ruwa. Shekara talatin yana wanke keji a ginin nan, saura wata biyar ya yi ritaya. Ya tsaya a kaina yana kallon kwamfuta.

“Dakta mai jiran gado, wai gaskiya ne sinadarin maza sai ya koma na mata kafin ya yi aiki?”

Na ce wani kaso dai.

“To ai shi ke nan. Na daɗe ina faɗa wa abokaina, duk cika bakin namiji, in ka bi diddigi, a hannun mace yake.” Ya yi dariyarsa mai tari. Sannan ya ce in akwai ragowar bututu a sa masa ɗaya, ko muryarsa ta samartaka ta dawo.

Na yi dariya. Rabona da ita na manta.

Asabar, 7 ga wata, 9:00 na safe

Shiru. Sha takwas duk shiru, sai ƙarar tsalle daga sanda zuwa sanda.

Lahadi, 8 ga wata, 5:45 na yamma

Na biya wajen Mama a hanyar gida. Tana zaune a ƙofar kicin tana tsinar shinkafa, ba ta ɗago ba.

“Auta, Kawunki ba ya cin abinci. Matarsa ta ce shayi kawai yake sha.”

Na ce Allah Ya kawo sauƙi.

“Ai sauƙin a hannunki yake, ba ke ce a ɗakin ba? Ke dai ki kula da aikin nan da kyau, a wanke shi, bakin mahassada ya mutu.”

Shi kaɗai ne ƙaninta. Ita ta goye shi, shi kuma ya ɗauke ni ina shekara tara da Baba ya rasu. A gidansa na fara ganin kanari, a keji a baranda. Yakan ɗora ni a kan kujera ya ce in rufe ido in ƙirga sau nawa ta canza murya. In na canka ya ba ni alewa, in na kuskure ya ce in sake. Bai taɓa yarda in ce “kusan” ba. “Babu kusan a ƙirga, Auta.”

Ba zan yi maganar bara ba.

Talata, 10 ga wata, 7:10 na safe

Tsuntsuwa mai lamba 3 ta fara. Ba waƙa ba tukuna, gwaranci ne, kamar jariri na koyon magana, ta kama nan ta saki can. Amma na san abin da ke biye. Na sa abin ji a kunne na saurare ta sau huɗu, kuma Allah Ya sani na ji daɗi. Shekara biyar ina wannan aikin, har yanzu tsigar jikina na tashi in na ji macen da ba ta taɓa waƙa ba tana lalube. Yanzu haka wani abu na girma a cikin ɗan kan nan, ita kuma ba ta san komai ba, kawai ta ji makogwaronta na son motsi.

Ɗaya.

Laraba, 11 ga wata, 6:50 na safe

Lamba 14 da lamba 8. Uku.

Jumma'a, 13 ga wata, 4:00 na yamma

Lamba 17 jiya, lamba 1 yau. Biyar. Likita ta zo ta auna nauyinsu, ta duba raunukan, duk sun warke. Mace ce mara yawan magana, tana kama tsuntsu kamar ƙwai. Ta dubi takardata ta ce, “Biyar a kwana sha biyu. Suna sauri.” Na kalli fuskarta ko zan karanci wani abu. Ita ta san waɗanne ne. Fuskar kamar bango.

Asabar, 14 ga wata, 6:30 na yamma

Shida. Lamba 12.

Na zauna ina kallon sauran akwatuna sha biyun, ina roƙonsu a zuci. Don Allah ku yi shiru. Ku ci tsaba, ku yi wanka, ku yi barci. Wai ni ce nake roƙon tsuntsu kada ya yi waƙa.

Maigida ya ce na rame. Na ce fitilar ɗakin ce ke hana ni cin abinci. Ya dube ni irin duban da yake yi wa masu zuwa kemis ɗinsa da takardar likita ta bogi.

Lahadi, 15 ga wata, 5:20 na yamma

Na fito daga gini na tarar da motar Kawu can nesa da get, ƙarƙashin bishiya. Ya buɗe mini ƙofa daga ciki. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai kashe injin ba, bai kuma dube ni ba.

“Nawa?”

“Kawu, an hana mu wannan maganar.”

“Ni da 'yata? Nawa, Auta?”

Na ce shida.

Ya sauke numfashi, ya kama sitiyari da hannu biyu. Ya tambayi lafiyar maigida, ya tambayi ko har yanzu firjin gidana na ba ni wahala. Sannan, kamar mai koyarwa a aji, ya ce:

“Tsuntsu halitta ce mai tsoro. Ƙaramin abu kan hana shi waƙa, ke ma kin sani. Ƙara, ko sanyi, ko a riƙa buɗe masa ƙofa. Na'urorin nan kuma sun tsufa. Waya ma takan kwance da kanta.”

Na juyo na dube shi.

“Ban ce miki komai ba,” in ji shi. “Abin da na yi imani da shi daidai ne, Auta. Shekara ashirin ina bin sa. Tsuntsu ɗaya ko biyu da maganin bai kama su da kyau ba, ba su isa su rushe shi ba. Amma waɗannan mutanen ba za su gane ba. Kuma ba ni kaɗai zan faɗi ba. Sunan wa ke farko?”

Ya sauke ni a kwanar gida. Da zan fita ya miƙo mini ledar lemo, ya ce in kai wa maigida.

Litinin, 16 ga wata, 6:40 na safe

Lamba 11.

Litinin, 16 ga wata, 2:15 na rana

Na saurare ta sau ashirin ko fiye. Na gaya wa kaina kuka ne. Na gaya wa kaina sautin lamba 12 ne ke ratso katako. Ba haka ba ne. Waƙa ce, tata ce, kuma na san irinta. A hankali take zuwa, tana jan kowane sauti kamar mai tafiya cikin ruwa. Na taɓa jin wannan jan.

Ban rubuta a takarda ba tukuna. Gurbin lamba 11 na yau yana nan fari.

Talata, 17 ga wata, 6:05 na safe

Na shigo kafin Baba Dogo. Na yi abin da na yi. Juyi biyu kawai a wayar lamba 11, da yatsu biyu.

A takarda na rubuta: matsalar waya.

Laraba, 18 ga wata, tsakar rana

Layin lamba 11 a kwamfuta a miƙe yake, ba motsi. Amma katako ba ya rufe komai duka. In na kashe fanka ina jin ta can ƙasa-ƙasa. Na kunna fanka. Na ƙara ƙarfinta. Sanyi ya ishe ni, ban kashe ba.

Matsalar waya.

Alhamis, 19 ga wata, 10:30 na safe

Na dawo daga bayi na ga layin lamba 11 yana rawa. Baba Dogo na tsugune yana goge ƙasa a bayan akwatunan.

“Dakta, wayar nan ta kwance, na ɗaure miki.” Bai juyo ba. “Na ce ko ɓera ne. Sai na tuna shekara talatin ban ga ɓera a ɗakin nan ba.”

Na zauna a kan buhun tsaba.

Ya matse tsumma a bokiti, a hankali, kamar ba shi da wani aiki a duniya. “Ni boko bai yi mini nisa ba, 'yata. Amma kunne Allah Ya ba ni. Bara ma na ji su. Lamba huɗu, da tara, da sha biyar. Kullum in na buɗe in zuba ruwa suna yi. Da takarda ta fito aka yi walima a ofis, aka ce ba su yi ba, na ce to, wataƙila masu ilimi suna da wani abin da suke kira waƙa daban.”

Na ce, “Baba, za ka faɗa musu?”

“Wa ya tambaye ni? Mai wankin keji?” Ya ɗauki bokitinsa. A bakin ƙofa ya tsaya. “Farfesa ne ya ɗauke ni aiki, shi ya kai uwargidana asibiti da motarsa. Ina ƙaunarsa har ga Allah. Amma in kin kwance, zan ɗaure. Aikina ne in ga komai yana wurinsa.”

To ga shi na rubuta. Huɗu, tara, sha biyar. Uku daga cikin masu maganin tarewa sun yi waƙa bara. Kawu ya ce bututunsu ne ya lalace, a cire su daga lissafi. Ba mu auna jininsu ba don mu tabbatar. Na ce mu auna, ya ce ba lokaci, mujalla na jira. Ni na cire su, da hannuna. Ya ce in goge sautinsu, na ce na goge.

Jumma'a, 20 ga wata, 7:00 na safe

Lamba 6. Takwas. Na rubuta ta, na kuma rubuta lamba 11.

Asabar, 21 ga wata, 6:15 na yamma

Tara. Lamba 16, ita ma mai jan nan.

Ko da na so, wayoyi nawa zan kwance?

Kawu ya kira sau huɗu. Na kifa wayar a kan tebur ina kallonta tana zagaya kanta.

Lahadi, 22 ga wata, 7:30 na yamma

Na gaya wa maigida. Muna kicin, yana wanke kofuna, na faɗa wa bayansa duka, har da wayar. Ya rufe famfo.

“Sautin na bara, kin goge da gaske?”

Na ce yana cikin wani faifai, a akwatin takarduna, ƙarƙashin gado.

“Wato shekara guda muna kwana a kansa.” Ya goge hannu. “Me ya hana ki gogewa?”

Ban sani ba. Na ce ban sani ba.

“Ni ba zan ce miki yi ko bari ba.”

Sai na fashe. Na ce kowa haka yake cewa. Kawu bai ce mini komai ba, Baba Dogo ba a tambaye shi ba, kai ba za ka ce yi ko bari ba, kowa ya tsame hannunsa, ni kaɗai aka kulle a ɗaki da tsuntsaye! In na faɗa, na kashe mutumin da ya raine ni, digirina ya tafi, Mama ba za ta ƙara kallona ba. In na yi shiru, tsuntsayen sun riga sun faɗa, ni kuma in zama wadda ta kwance waya.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, “To zan faɗa. Da a kemis ɗina ne, da wani ya sayar da magani a kan takardar da ya san ba daidai ba ce, da ban ƙara barinsa ya taɓa kwalba ba, ko ƙanina ne. Ga shi na faɗa. Yanzu ki yi fushi da ni, ya fi ki riƙa ramewa.”

Na yi fushin. Na kuma ci abinci.

Talata, 24 ga wata, 1:00 na rana

Goma jiya, lamba 2. Sha ɗaya yau, lamba 10. Ɗakin ya cika, fanka ba ta iya rufe su.

Tunda ba abin da zan iya, na koma ƙirga. Na ɗauki waƙar kowace, na ware wuraren da take maimaita sauti ɗaya da sauri, na ƙirga sau nawa take yi a daƙiƙa. Na ƙirga na sake ƙirgawa har idona ya fara ruwa. Sun rabu gida biyu, tsaf. Shida suna zuba shi da gudu kamar keken ɗinki. Biyar suna yi, amma ba sa kai wannan saurin, ko sun yunƙura sai su dawo ƙasa. 11, 6, 16, 2, 10.

Na zauna ina kallon lambobin nan biyar. Da a wani lokaci ne da na ruga ofishin Kawu ba takalmi.

Laraba, 25 ga wata, 6:00 na yamma

Labari ya kai gida, ban san ta ina ba. Mama ta aiko a kira ni. Ta sa na zauna a ƙasa a gabanta kamar ina 'yar goma.

“An ce tsuntsayen sun yi yawa.”

Na ce eh.

“Kuma ke kike rubutawa.”

Na ce eh, Mama.

“Tsuntsu, Auta? Saboda kukan tsuntsu za a tozarta ƙanina, da furfurarsa? Wa ya mutu? Wa aka cuta? In sun yi waƙa ko ba su yi ba, wa zai kwana da yunwa?” Tana kuka tana goge ido da gefen zani. “Da Babanki ya rasu dangin ubanki ko ruwa ba su ba ki ba. Shi ya zo da kansa ya ɗauki jakarki.”

Na so in ce akwai ɗalibai a wurare da yawa da suke ɗora aikinsu a kan takardar nan, suna ɓata shekarunsu suna zaton su ne ba su iya ba. A bakina sai na ji ya yi ƙanƙanta. Na ce kawai, “Mama, shi ya koya mini ƙirga.”

Ta ce in tashi in ba ta wuri. Ba ta ce in gaida maigida ba.

Jumma'a, 27 ga wata, 3:40 na yamma

Likita ta zo awo na ƙarshe. Na jira Baba Dogo ya fita, na rufe ƙofa. Na ba ta takarda mai lambobi biyar, na ce ta ajiye tare da ambulan, hasashena ne na waɗanda ke da maganin tarewa. Ba ta duba ba, ta ninke, ta sa hannu da kwanan wata.

Sannan na ce, “Wayar lamba 11 ba da kanta ta kwance ba.”

“Na sani,” in ji ta. “Na'urar na rubuta lokacin da sauti ya yanke. Shida da minti uku. Ke kika sa hannu a rajista shida saura biyu.” Ta mayar da ma'auni cikin jaka. “Kwana goma ina riƙe da shi. Na ce zan ba ki zuwa Litinin.”

Na fito da faifan daga jakata. Ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa, ita ta ɗauka.

“Kin san abin da wannan zai jawo miki?”

Na ce na sani.

“Shi fa, kin gaya masa?”

Ban gaya masa ba. Na rubuta masa saƙo a waya bayan ta tafi: Kawu, sha ɗaya ne. Ban goge na bara ba. Na ba su. Ka yafe mini. Alama ta nuna ya karanta.

Asabar, 28 ga wata, 8:00 na safe

Ba amsa.

Lahadi, 29 ga wata, 5:00 na yamma

Rana ta ashirin da takwas. Dole a duba ƙwaƙwalwa, haka aikin yake, na san haka tun ranar farko. Likita ta yi musu allurar da ba a farkawa ɗaya bayan ɗaya, ni na riƙe. Lamba 11 na cikin waƙa lokacin da na buɗe akwatinta.

Baba Dogo ya wanke keji sha takwas bai yi wasa ko ɗaya ba.

Litinin, 30 ga wata, 4:50 na yamma

An buɗe ambulan a ɗakin taro. Mutum biyar a tebur, ni a kujera ni kaɗai a gefe. Kawu bai zo ba, ya aiko da wasiƙa. Shugabar ta karanta lambobin masu maganin tarewa: 2, 6, 10, 11, 13, 16. Sha uku ce kaɗai ba ta yi waƙa ba. Likita ta buɗe takardata ta tura mata. Shugabar ta duba, ta sake dubawa, ta cire gilashi.

Sun yi mini tambayoyi awa uku. Na amsa duka. Za a janye takardar. Digirina an dakatar, za su faɗi na tsawon wane lokaci. Na Kawu ba su faɗa a gabana ba, amma da na wuce ofishinsa na ga an cire allon sunansa, saura ramukan ƙusa huɗu.

Na miƙa makullin ɗakin. Na fito da rana tsaka-tsaka, hasken ya yi mini yawa, na tsaya a matakala ban san ina zan nufa ba.

Alhamis, 2 ga sabon wata, tsakar rana

Ina gida. Na wanke labule, na wanke firji. Mama ba ta ɗaukar wayata. Maigida ya ce a ba ta lokaci.

Asabar, 4 ga wata, 6:10 na yamma

Matar Kawu ta kira da safe, ta ce yana nemana. Na canza kaya sau uku. Maigida ya kai ni, ya ce zai jira a mota.

Na same shi a ɗakin karatunsa, kwalayen da aka kwaso daga ofis a jibge, ko ɗaya ba a buɗe ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, yana kallon bango. Na shirya wa faɗa, na shirya wa a ce kada in ƙara taka gidan.

“An ce kin canki biyar ɗin kafin a buɗe ambulan.”

Na ce eh, Kawu.

“Da me?”

Na ce da sauri. Masu maganin suna waƙa, amma ba sa iya maimaita sauti da gudu kamar sauran.

Ya juyo. Karo na farko cikin wata guda da ya dube ni. “Duka biyar ɗin? Ba wadda ta shiga cikin sauran?”

“Ba ko ɗaya.”

“Na bara fa? Ukun nan?”

“Su ma haka. Na ƙirga.”

Ya miƙo hannu, na ba shi kwafin takardar ƙirgata daga jaka. Ya lalubi gilashinsa, ya bi lambobin da yatsa, layi-layi, leɓensa na motsi. Na ga fuskarsa ta koma irin ta da, ta malamin da ɗalibai ke cika aji don shi. Sai kuma ta faɗi.

“Wato istirojin ɗin ba kunna waƙar yake yi ba,” ya ce a hankali. “Saurinta yake gyarawa.” Ya ajiye takardar a gwiwa. “Yana hannuna, Auta. Tun bara yana hannuna, tsuntsu uku suna faɗa mini kullum da safe, na ce a goge su.”

Na fara cewa Kawu ka yafe, ya ɗaga hannu.

“Ban yafe ba tukuna. Ban san ma wa zai yafe wa wa ba. Kada ki matsa mini.” Ya cire gilashin ya murza ido. “Ki auna yankan ƙwaƙwalwar da kanki in sun bar ki, kada ki yarda da awon kowa. Ki rubuta shi, ko shekara nawa za su sa ki jira. Ki sa ukun bara a ciki, ki faɗi wanda ya ce a cire su.”

Na ce sunansa fa, a kan takardar?

“A'a.” Ya miƙo mini takardata. “Je ki, mijinki na jira a rana. Ki biya wajen uwarki. Na kira ta ɗazu, na ce ta buɗe miki ƙofa.”